Dokin Mai Baki Ya Fi Gudu: Sharhi a Kan Dawakin Cikin Littattafanmu

Akwai wani doki da ke yawo a cikin littattafan Hausa na wannan zamani, musamman waɗanda ake kira na sarauta, irin waɗanda muke karantawa a Wattpad da zaurukan WhatsApp. Duk wanda ya karanta uku ko huɗu daga cikinsu ya san shi. Fari ne tas, ko kuma baƙi wuluk, babu na tsakiya. Tun kafin a buɗe babi yana tsaye a ƙofar fada da sirdi a bayansa, yana jiran yarima ya gama fushi da gimbiya ya fito ya haye. Da an hau shi sai sukuwa, daga fada har wata masarauta mai nisan kwana da kwanaki, kuma ya isa ko gumi babu. Ba ya cin harawa, ba ya shan ruwa, ba a taɓa jin wani ya kwashe kashinsa ba. Idan yarima ya sauka, marubuci ya manta da shi a nan inda ya tsaya, kamar yadda ake kashe mota a zare mabuɗi.

Hausawa sun ce dokin mai baki ya fi gudu. Sun faɗi haka ne a kan mai cika baki, wanda dokinsa ba ya taɓa yin na biyu matuƙar a hira ake tseren. To, dokin marubutanmu ya fi na mai baki gudu, domin shi ko ƙasa ba ya takawa. Abin da nake son in nuna a wannan sharhi shi ne wannan sakaci ya fi ƙarfin a kira shi ƙaramin kuskure. Yana rage wa labari daɗi, yana binne kalmomi da ransu, yana ɓoye wasu mutane da suka cancanci a gan su, kuma yana da hannu a yadda samarinmu ke ɗaukar doki idan sun same shi a hannu.

Mai karatu na iya gwada maganata da wayar da ke hannunsa. Ka buɗe duk wani littafin sarauta da ka adana, ka shiga wurin neman kalma, ka rubuta "doki". Za ka same shi birjik. Sai ka goge ka rubuta "harawa", ko "dusa", ko "turke", ko "majayi", ko "kofato". Abin da ka gani, shi ne hujjata ta farko.

Abin da ke faruwa a barga

Kafin a yi wa marubuci hukunci, ya kamata a faɗi abin da ya tsallake. Doki dabba ce mai babban jiki da ƙaramin tumbi. An halicce shi ya riƙa ci kaɗan kaɗan kusan yini guda, kuma a kowace rana yana bukatar abincin da ya kai kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa, mafi yawansa ciyawa da harawa, sannan dusa da hatsi gwargwadon aikin da yake yi. Ruwan da yake sha a rana yakan kama daga lita 25 zuwa 50, kuma a watan Afrilu na Sakkwato, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya fi haka. Doki ba ya iya amai. Saboda haka abin da ya shiga cikinsa ya ɓaci ba shi da hanyar dawowa, shi ya sa ciwon ciki ke cikin manyan abubuwan da ke kashe dawaki a duk duniya. Mai doki ya san wannan fargaba: ka zo da asuba ka tarar bai taɓa abincin dare ba, yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen cikinsa, yana neman ya kwanta ya yi birgima. Daga nan ranar ta gama lalacewa, sai neman likitan dabbobi da addu'a.

Haka zancen gudu. Doki ba ya yin cikakkiyar sukuwa fiye da 'yan kilomitoci kaɗan. A wasan folo, zagaye ɗaya minti 7 ne da ɗan ɗoriya, kuma da an busa ake sauya doki, domin wanda aka hau ya riga ya jiƙe sharkaf. A gasar juriya ta duniya ana yin kilomita 160 a rana ɗaya, amma da dawakin da aka shekara ana horarwa, ana tsayawa a hanya likitoci suna auna bugun zuciyarsu, wanda ya gaza a cire shi. Lokacin da Baturen nan Kilafaton ya taso daga Kano zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, kimanin mako uku ya yi a hanya. Yariman littafi kuwa tsakanin la'asar da magariba yake yin irin wannan tafiya, kuma ya isa da sauran ƙarfin yin faɗa.

A unguwarmu ta Tudun Wada da sauran unguwannin Sakkwato akwai mutanen da ba su da sarauta ko ta mai unguwa, amma suna riƙe da doki ɗaya ko biyu. Wani ma'aikaci ne, wani ɗan kasuwa, wani makanike. Ni ma ina cikin masu ƙaramin ƙarfin. Rayuwar irinmu lissafi ce: a sayi harawa da kaka tana araha a ɗora a kan rufi, a san inda za a sami dusa mai kyau, a ajiye kanwa, a gyara kofato duk bayan mako shida zuwa takwas, a yi hayaƙi da damina saboda ƙudaje da ƙananan ƙwarin da ke ɗauke da cuta. Sai kilisa da sassafe ko da yamma, don kada dokin ya yi ƙiba ya sangarce a turke. Idan za a shiga sukuwa, shirin wata da watanni ne, kuma minti biyu zuwa uku ake yi a fage a tashi. A cikin wannan rayuwa akwai bashi, akwai kishi, akwai rigimar gida a kan kuɗin da ke tafiya barga alhali ana jiran kuɗin makaranta, akwai ranar da dole a sayar da dokin da aka raina tun yana duƙushi. Wane marubuci ne zai ce bai ga labari a nan ba?

Shirun da muka gada

Wani zai ce ai tun farkon rubutun zube haka abin yake. Akwai gaskiya a ciki, amma a duba da kyau. Ganɗoki na Malam Bello Kagara ya fito a 1934, daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. Littafin yaƙi ne, kuma hankalinsa yana kan jarumi da kirarinsa da sarar takobinsa. Doki a can makami ne, kamar mashi da garkuwa. Sai dai Bello Kagara yana yaro Turawa suka ci Kwantagora a 1901, ya tashi cikin mutanen da suka yi yaƙi a kan doki da kansu, kuma waɗanda ya rubuta wa littafin haka suke. Idan ya ce an ɗaura sirdi, mai karatunsa na jin ƙarar majayi, yana jin warin gumin doki, ya san wanda ya ɗaura da wanda ya riƙe likkafa. Bai bayyana barga ba saboda kowa ya san ta. Marubucin yau ya gaji wannan shiru, amma bai gaji sanin da ke ƙarƙashinsa ba. Shi da mai karatunsa duk babur suka sani. Abin da ya kasance taƙaitawa a hannun na farko ya koma rami a hannun na biyu.

Ahmadu Ingawa ya yi wani abu da ya kamata a lura da shi a Iliya Ɗan Maiƙarfi, labarin da ya samo tushe daga tatsuniyar wani jarumin ƙasar Rasha. Ya ba dokin suna. Shekaru sun shuɗe, mutane da yawa sun manta sunayen sarakuna da abokan gabar da ke cikin littafin, amma Ƙwalele dokin Iliya yana nan a bakin mutane, har da waɗanda ba su taɓa buɗe littafin ba. Suna kaɗai ya isa ya fitar da dabba daga cikin kayan ɗaki ya sa ta cikin 'yan wasa. Da wuya ka ga yariman Wattpad ya kira dokinsa da suna, alhali a kowace barga ta gaske suna shi ne abu na farko.

Wanda ya fi kowa fahimtar wannan bai rubuta littafi ba. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa Amadu, wanda ya rasu a farkon shekarun 1960, ya yi waƙar da ake kira Dokin Iska Ɗanfilinge, ko Ɗanhilinge a bakin mutanenmu na nan yamma. Ka duba abin da ya faru a nan. Mutumin da sana'arsa ita ce wasa sarakuna ya ɗauki kayan aikin nan nasa gaba ɗaya ya juya su a kan dokin sukuwa. Ya kira shi da sunansa, sunan da ke nuni da Filinge ta ƙasar Nijar, wato har asali ya ba shi kamar yadda ake ba ɗan sarki. Dokin ne gwarzon waƙar, mutane ne ke kewaye da shi. Masana irin su Farfesa Aliyu Muhammad Bunza, wanda ya rubuta littafi sukutum a kan Narambaɗa, sun yi hidimar adana wannan gado. Abin da ya rage shi ne masu ƙirƙirar labari su koyi darasin. Narambaɗa bai yi karatun zamani ba, amma ya kalli doki da idonsa kafin ya buɗe baki, kuma ana jin haka a waƙar.

Duk da haka, waƙar yabo bisa ɗabi'arta ranar nasara take tsayawa. Aikinta ta ɗaga, ta zuga. Rubutun zube ne ke da filin da zai koma baya ya nuna watannin da suka haifi ranar, ya kuma bi dokin bayan ya tsufa an daina kiɗa masa. Wannan fili ne marubutanmu suka bari ciyawa ta cinye.

Kuma ba za a ce ba mu da abin koyi a gida ba. Ɗaliban zaure a Sakkwato sun daɗe suna karanta waƙoƙin mawaƙan Jahiliyya, inda Imru'ul Ƙaisi ya siffanta dokinsa gaɓa bayan gaɓa, kamar mai shirin saye a kasuwa. A cikin Bukhari akwai ruwayar Abdullahi ɗan Umar cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa an yi tseren dawaki a Madina, aka ware waɗanda aka horar aka ba su nisa mai tsawo, waɗanda ba a horar ba aka ba su gajere. Ko a nan an bambanta doki da doki, an san kowane da iyakar ƙarfinsa.

Wa ya ɗaura sirdin?

Akwai tambayar da littattafan sarauta ba sa yi: kafin yarima ya fito, wa ya wanke dokin? Wa ya tashi da dare ya ƙara masa ciyawa? Amsar tana da nauyi a tarihinmu. A ƙarni na 16, Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya rubuta cewa sarkin Barno na ba da bayi 15 zuwa 20 a kan doki ɗaya da fatake suka kawo daga arewa. Robin Law ya bi diddigin wannan ciniki a littafinsa na 1980 a kan tarihin doki a Afirka ta Yamma: ana sayen doki da mutane, a hau shi a kamo wasu mutanen. A fadar Kano, Shamaki, mai kula da dawakin sarki, yana cikin manyan bayin sarki. A ƙarƙashin kowane ingarma mai jalala akwai masu yankan ciyawa da masu ɗebo ruwa da tarihi bai riƙe sunansu ba.

Mu mutanen Sakkwato muna da ƙarin dalilin yin tunani a kan wannan. A Tabkin Kwatto, cikin Yunin 1804, rundunar Sarkin Gobir Yunfa ce ke da dawaki da 'yan lifidi. Jama'ar Shehu, ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, mafi yawansu 'yan ƙasa ne masu baka, dawakinsu ƙalilan, kuma su suka yi nasara. Shekara 99 bayan haka, ranar 15 ga Maris 1903, a Giginya, dawaki suna wajen Sarkin Musulmi Attahiru, bindiga mai ruwa tana wajen Turawa. Daula ta fara da karya mahaya, ta ƙare ranar da aka karya nata mahayan. Daga nan doki ya bar fagen fama ya koma hawan Sallah da sukuwa da folo. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rungumi folo, ɗansa Usman Nagogo ya zama ɗaya daga cikin gwanayen wasan da ƙasar nan ta taɓa yi. An yi babban hawa a Kaduna don Sarauniyar Ingila a 1956, an sake a bikin FESTAC na 1977, kuma a Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa.

A duk wannan sauyi, mutum ɗaya ne bai motsa daga wurinsa ba: ɗan barga. Yau ba bawa ba ne, yaro ne daga ƙauye da ake biya abin da bai taka kara ya karya ba, yana kwana kusa da dokin da kuɗinsa ya fi abin da zai samu a shekaru. Shi ya san dokin ya fi son hannun wa, shi ke fara ganin ɗingishi. A ranar sukuwa, sau da yawa irinsa ne ake ɗorawa saboda rashin nauyi, wani lokaci ko hular kwano babu. In doki ya ci, sunan mai doki ake kira a lasifika. In yaron ya faɗo, sai a ce tsautsayi. Adabin da ke da'awar yana tare da talaka, amma ya shiga fada ya wuce wannan yaro bai gan shi ba, ya kamata ya binciki idonsa.

Kalmomin da ke mutuwa a turke

Hausa ba ta san "farin doki" da "baƙin doki" kawai ba. Baƙin akawal ne, farin kili ne, sannan ga bidi, ga hurde, ga gunya, ga aharas, ga danda, kowane da launinsa da abin da masu doki ke faɗa a kan halinsa. Akwai ingarma, akwai goɗiya, akwai duƙushi, akwai ƙuru. Tafiya ma kala kala ce: takama dabam, sassarfa dabam, sukuwa dabam, sannan ga zamiya, inda mahayi ke tsayar da doki cak yana cikin gudu har ya ja ƙafafun baya a ƙasa. Sirdi yana da ƙwacciya gaba da baya. Ragama dabam take da linzami, dabaibayi dabam da talala.

Waɗannan kalmomi suna cikin ƙamus ɗin Bargery tun 1934, amma ƙamus maƙabarta ce mai tsabta idan babu mai amfani da abin da ke ciki. Kalma tana rayuwa ne a bakin mai sana'a da alƙalamin marubuci. Masu sana'ar suna raguwa, tsofaffinsu suna tafiya. Idan marubuci mai mabiya dubbai ya rubuta "wani haɗaɗɗen farin doki" a inda kili zai zauna daram, ya yi asarar kalma, ya kuma hana dubban yara jin ta ko sau ɗaya. Abin mamaki, marubutan nan ba su da ƙyuya idan aka zo kan mota. Za su gaya maka sunan kamfani da samfuri da launin kujeru. Leshi da turare ma haka. Ashe iya bincike suna da shi, inda suka ga dama suke kai shi.

Inda abin ya daina zama na takarda

Da a ce illar ta tsaya a kan daɗin karatu, da sai a yi haƙuri. Amma a dubi hawan angwanci da kilisar samari a garuruwanmu. Ana hayar doki na yini, yaron da bai taɓa riƙe ragama ba ya haye, ya sa kaimi, ya sake shi a kan kwalta tsakanin motoci da yara. Dawakinmu mafi yawa ba a sa musu takalmin ƙarfe, kuma kwalta tana da santsi da zafi. Linzaminmu na gargajiya, mai zoben da ke zagaye haɓa da ƙarfen da ke dukan ganɗa, an ƙera shi ne don mayaƙi ya tsayar da doki nan take da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da mashi. A hannun gwani taɓawa kaɗan ta isa. A hannun ɗan koyo mai son a ɗauke shi bidiyo, wuƙa ce a bakin dabba. Duk wanda ya tsaya kusa bayan an sauka daga irin wannan hawa ya ga kumfa mai ja, ya ga gefen ciki da kaimi ya yaga. A Kano 'yan sanda sun sha hana kilisa a tituna saboda raunuka da rigingimun da take jawowa.

Ba na cewa littafi ne ya ɗora yaron nan a kan doki. Ina cewa hoton da ke kansa, na doki a matsayin kujerar nuna isa wadda ba ta jin zafi, hoto ne da littattafai da finafinan sarauta na Kannywood da bidiyon waƙoƙin biki suke ta sake wankewa suna miƙa masa. Babu inda ya taɓa karanta cewa doki na jin tsoro, ko yana gane muryar mai ba shi abinci, ko yana iya kashe wanda ya raina shi. Kuma yana iyawa, har ma wanda bai raina shi ba. Gwamnan farar hula na farko a jihar Sakkwato, Alhaji Shehu Kangiwa, mahayi ne da ya san doki, amma faɗuwa daga kan doki a wasan folo a Kaduna ce ta yi ajalinsa a Nuwambar 1981, Dokta Garba Nadama ya gaje shi. Filin da ke ɗauke da sunansa yana nan a tsakiyar gari muna wucewa kullum. Fiye da shekara 40 ke nan, labarin yana gabanmu, amma dokin littattafanmu bai taɓa yin tuntuɓe ba.

Adabi na iya yin akasin haka, kuma an gani. A 1877 wata Baturiyar Ingila, Anna Sewell, ta fitar da Black Beauty, inda doki ke ba da labarin rayuwarsa daga hannu zuwa hannu. Littafin ya taimaka wajen sa mutane su ƙyamaci wata igiya da ake ɗaure kan dokin keken hawa da ita don ya riƙa ɗaga wuya saboda ado, alhali tana azabtar da shi. Tolstoy na Rasha ma ya rubuta labarin wani tsohon doki mai suna Kholstomer, ya bar dokin ya yi mamakin yadda mutum ke kiran abu mai rai "nawa". Ba wa'azi suka yi ba, kallo suka yi da kyau suka rubuta abin da suka gani.

Uzurin da ake kawowa

Uzuri na farko shi ne labari ba littafin likitan dabbobi ba ne, mai karatu soyayya ya zo nema. Haka ne, kuma babu mai cewa a cika babi da awon dusa. Amma sanin abu yana ƙara wa labari kaifi ko da layi biyu aka ba shi. A ce yarima zai gudu da dare, sai ya tarar an shayar da dokin ya cika ciki, ba zai iya gudu ba. Wa ya shayar da shi, kuma da gangan ne? Ga makirci ya samu ba tare da an nemo boka ba. A ce gimbiya tana son ta san halin wanda za a aura mata, sai ta aika a dubo mata bakin dokinsa. In da tabon linzami, ta san abin da ke jiranta. Marubucin da bai san barga ba ba zai taɓa samun irin wannan ba, dole ya koma kan guba a abinci da kuyanga mai leƙen asiri, waɗanda an yi su har sun gaji.

Uzuri na biyu ya fi ƙarfi. Mafi yawan masu rubuta waɗannan littattafai mata ne, kuma al'adarmu ba ta cika buɗe wa mace ƙofar barga ba, balle ta hau. Wannan gaskiya ce, kuma laifin ba nasu ba ne. Sai dai a tuna cewa Anna Sewell ta samu rauni a ƙafa tun tana yarinya, rayuwarta duka da ƙyar take tafiya, kallo da tambaya da zama kusa da dawakin da ke jan kekenta ne suka ba ta littafin. Kuma a gidan mai doki, mace ba baƙuwa ba ce a lamarin. Dusar da dokin ke ci daga turminta take fitowa, ita ke jin haniniyarsa da dare, ita ta san abin da ya rage a kuɗin cefane saboda shi. Labarin doki daga bakin matar mai doki, wadda ke kishi da dabbar da ba ta iya yi wa gori, ban taɓa karanta shi ba, kuma zan so in karanta. Su kuma maza marubuta, da ba wanda ya hana su zuwa barga, ba su da ko wannan uzurin.

Abin da ake nema ba mai tsada ba ne. Yammaci biyu ko uku a barga, da ladabin gaishe da ɗan barga a tambaye shi. Zuwa filin sukuwa tun kafin a fara, a tsaya ta bayan rumfa inda ake zagayawa da dawaki, a saurari yadda ake gardama a kan dokin Arewa da na Sudan. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da tsangayar likitancin dabbobi a nan cikin gari. Tsofaffin da suka yi wa sarakuna hidimar dawaki suna nan da sauransu, kuma babu abin da suke so kamar a tambaye su.

Doki ɗaya a fage gudu gare shi, in ji masu iya magana. Dokin littattafanmu ya daɗe shi kaɗai a fage, ba a taɓa jera shi da na gaske ba, shi ya sa ake ganin yana gudu. Ranar da wata marubuciya ko wani marubuci ya shigo da akawal mai suna, mai ɗingishi a ƙafar hagu, wanda yaron da ke kula da shi ke bin mai gida albashin wata biyu, ranar za a san wanda ya iya hawa.